Bawul Mai Datsewa: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman waɗanda bututun mai, ko na gas, ko na ruwan famfo ya ratsa ƙasarsu, da kuma waɗanda ke da masana'anta a gundumarsu. Maganar da za mu yi a kan wani ƙarfe ce da ake ɗaurawa a jikin bututu, wanda makanikai ke kira bawul. Abu ne da mutum zai wuce shi sau goma bai dube shi ba, amma rayukan ma'aikata da na talakawan da ke zaune kusa da bututu sun dogara a kansa ƙwarai. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: murɗa bawul kaɗai bai isa a ce an datse hanya ba, sai an kulle shi, an sa masa shaida, an kuma gwada an tabbata ba abin da ke wucewa.

1. MENENE BAWUL MAI DATSEWA?

Kowa ya san yadda mai lambu ke yi da ruwa. In yana so ya gyara wani fangali, sai ya ɗebi laka ya datse bakin magudanar da ke kai ruwa wurin, ruwa ya ci gaba da tafiya zuwa sauran fangalin, shi kuwa ya yi aikinsa a busasshen wuri. To, aikin bawul mai datsewa ke nan. Yana raba wani yanki na bututu ko wani inji da sauran ma'aikata, don a gyara shi, ko a wanke shi, ko a tsai da ɓarna in ya fashe. Bambancin kawai shi ne abin da ke bin bututun masana'anta sau da yawa ba ruwan sanyi ba ne. Yakan zama fetur, ko gas, ko tururi mai zafin da zai saluɓe fata, ko ruwan guba, kuma yana tafe da matsi mai ƙarfin gaske.

Ya kamata a rarrabe shi da 'yan'uwansa, gama ba kowane bawul ke wannan aiki ba. Akwai mai daidaita gudu, wanda ke ƙara ko rage yawan abin da ke wucewa. Akwai mai hana komowa, wanda ke barin abu ya bi hanya ɗaya tak. Akwai kuma mai sauke matsi, wanda ke buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa, don kada tukunya ta fashe. Mai datsewa kuwa hali biyu gare shi: ko a buɗe sarai, ko a rufe ruf. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada a dogara ga mai daidaita gudu ko mai hana komowa wajen tsare ran ma'aikaci, domin ba a ƙera su don su toshe hanya ɗungum ba.

2. IRE-IRENSA

Mai ƙofa. A cikinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe da ke sauka ya tare hanya, kamar ƙofar da ake saukarwa a bakin magudanar noman rani. Ana juya wata ƙafa mai kama da sitiyari sau da yawa kafin ya rufe, galibi zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Shi aka fi gani a manyan bututun ruwan gari. Ba a barinsa rabi a buɗe, don gudun ruwa zai cinye bakin ƙofar, ran da aka bukaci ya rufe sai ya riƙa yoyo.

Mai ƙwallo. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe da aka huda ta tsakiya. In hudar ta yi daidai da bututu, hanya ta buɗe. In aka juya shi rubu'in kewaye, sai jikin ƙwallon ya tare hanya. Yana da saurin rufewa, kuma hannunsa yana nuna halinsa: in hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake. Shi aka fi so a bututun gas da na mai.

Mai faifai. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar bututu, mai juyawa a kan sanda. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada kamar sauran, saboda haka akan sa shi a bututu masu faɗi inda matsi bai tsananta ba.

Mai allura. Wannan ƙarami ne, bakinsa siriri mai tsini, yana shiga cikin 'yar ƙaramar huda ya toshe ta. Wurin aikinsa shi ne ƙananan bututun awo, waɗanda za mu yi bayaninsu yanzu.

Bayan waɗannan akwai na gaggawa, wanda ba ya jiran hannun mutum. Iska mai matsi ce ke riƙe shi a buɗe, a bayansa kuwa akwai sifirin mai ƙarfi. Da zarar an danna maɓallin haɗari, ko iskar ta ɗauke, sai sifirin ya tura shi ya rufe. Hikimar ita ce, in abubuwa sun lalace, bawul ɗin ya faɗa wajen da ya fi aminci.

3. ƘANANAN BUTUTUN AWO

Masu tafiyar da masana'anta ba sa ganin cikin bututu. Idonsu shi ne ma'auni: agogon da ke nuna matsi, da mai nuna yawan gudu, da mai nuna inda ruwa ya kai a cikin tanki. Kowane ma'auni yana haɗe da babban bututu ta wani siririn bututu, wanda kaurinsa bai fi rubu'in inci zuwa rabin inci ba. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa. Matsin da ke cikinsa daidai yake da na uwar bututun. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da matsin laba 30 zuwa 35 a kan kowane murabba'in inci, amma yawancin bawul masu allura an ƙera su su jure laba 6,000, watau kusan ninki 200 na tayar mota. Ruwan da ya tsarto daga 'yar huda da irin wannan ƙarfi yana iya huda fatar mutum ya shige cikin nama.

Don haka akan sa bawul biyu. Na farko yana gindi, daidai inda siririn bututu ya fito daga babba. Na biyu yana kusa da ma'aunin, tare da wata 'yar kafa ta sauke matsi. In za a cire agogo, sai a rufe bawul, a buɗe kafar, a jira allurar agogon ta sauka ƙasa, sa'an nan a kwance shi sannu a hankali.

Ma'aunin gudu kuwa baki biyu gare shi, domin yana gwada bambancin matsi ne tsakanin wuri biyu. A cikinsa akwai wani tantani na ƙarfe, siriri ƙwarai. Akan haɗa masa bawul uku a jikin dunƙulen ƙarfe guda: biyu na datsewa, ɗaya a tsakiya mai daidaita ɓangarorin nan biyu. In za a tsai da shi, sai a rufe ɗaya, a buɗe na tsakiya, sa'an nan a rufe ɗayan, don kada matsi ya danne tantanin ta gefe guda ya ɓata awonsa. Wani dunƙulen yana da bawul biyar, ƙarin biyun domin sauke matsi da gwaji.

A nan akwai tarko wanda ya kamata a sani. In aka manta bawul ɗin ma'auni a rufe bayan gyara, agogon zai tsaya a kan tsohon awonsa, mai lura da shi yana tsammanin kome lafiya, alhali matsi yana ta hawa. Haka kuma in datti ya toshe siririn bututun, agogo yana iya nuna babu matsi, matsi kuwa yana nan a maƙare. Saboda haka gwanin ma'aikaci ba ya yarda da shaidar agogo ɗaya.

4. MATAKAN DATSEWA

Kowane bawul yana tsufa. Yashi da tsatsa da zafi suna cin bakinsa, har ya zamana hannunsa yana nuna a rufe, amma abu yana silalewa ta ciki. Wannan ya sa aka jera datsewa mataki mataki, gwargwadon haɗarin abin da ke cikin bututu.

Matakin ƙasa shi ne bawul guda. Ya isa ga ruwan sanyi maras matsi mai yawa, da aikin da ba zai daɗe ba.

Na biyu shi ne bawul biyu a jere, da kafar zubarwa a tsakaninsu. A rufe na farko, a rufe na biyu, a buɗe kafar. In na farko yana yoyo, abin zai fita ta kafar zuwa wurin da aka tanada, ba zai taru ya matsa wa na biyu ba, kuma ma'aikata za su gani da idonsu. Kamar gida ne mai zaure biyu da mai gadi a tsakani.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne toshe hanyar da ƙarfe sukutum. A kwance notin da ke haɗa leɓunan bututu biyu, a zura farantin ƙarfe mai kauri a tsakani, a ɗaure tam. Akwai wani irin faranti mai siffar tabarau, ido ɗaya a huje, ɗaya a toshe, wanda ake juyawa, kowa ya hango idon da ke waje ya san wanda ke ciki. Ko kuwa a cire guntun bututu gaba ɗaya, a sa marfi a bakin da ya rage. In mutum zai shiga cikin tanki ko tukunya, wannan mataki ake bukata, gama faranti ba ya buɗewa don wani ya murɗa hannu bisa kuskure.

5. KWAƊO DA TAKARDA

Ƙarfe komi kyansa ba ya tsare mutum daga mantuwar ɗan'uwansa. Don haka aka kafa waɗannan ƙa'idodi.

Kafin a taɓa kome, sai helma ya ba da takardar izinin aiki, mai bayyana inji kaza, bawul kaza da kaza, da sunan wanda ke aikin. Kowane bawul da aka rufe a sa masa sarƙa da kwaɗo. In mutum huɗu ke aikin, kowannensu ya sa nasa kwaɗon, mabuɗi yana aljihunsa, yadda bawul ba zai buɗu ba sai na ƙarshensu ya fito. A rataya 'yar takardar shaida mai suna da kwanan wata da dalili. Sa'an nan a sauke matsin da ya rage, a zubar da abin da ke ciki, a gwada a tabbata. In masu aikin rana za su tashi, su miƙa wa masu aikin dare bayani baki da baki da kuma a rubuce. In an gama, a bi jerin nan daga ƙarshe zuwa farko, a mai da kowane bawul yadda ya kamata ya zauna, wani mutum dabam ya bi ya duba. A ƙasar Amurka an mai da sa kwaɗo da takardar shaida doka a shekarar 1989.

6. LABARAI UKU

Waɗannan ƙa'idodi da tsada aka saye su. Ga labarai uku da aka bincika aka rubuta.

Na farko ya faru a kan wani dandamalin haƙar mai da ake kira Piper Alpha, a cikin teku, wajen mil 120 arewa maso gabas da birnin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, ran 6 ga Yuli, 1988. Akwai injin turawa guda biyu. Da rana aka cire bawul mai sauke matsi na ɗayansu don gyara, aka sa marfi a gurbinsa, aiki bai ƙare ba har aka tashi. Bincike ya nuna marfin nan ba a ɗaure shi tam ba, kuma labarin bai kai ga masu aikin dare ba. Wajen ƙarfe goma na dare ɗaya injin ya tsaya, sai suka ta da wanda ake gyara. Gas ya fita, ya kama wuta. Waɗansu dandamali na maƙwabta suka ci gaba da turo mai, manyan bututun gas da ke hawowa daga teku suka fashe don zafi, kuma ba wani bawul a ƙarƙashin ruwa da zai yanke abin da ke cikinsu. Mutum 167 suka mutu, 61 suka tsira. Alƙalin da ya yi binciken, Lord Cullen, ya fitar da rahotonsa a 1990 da shawarwari 106. Bayan wannan masifa aka tilasta sa bawul na gaggawa a kan irin waɗannan bututu, aka kuma tsananta sha'anin takardar izini.

Na biyu a wata masana'antar roba ce ta kamfanin Phillips, a garin Pasadena na jihar Tekzas a Amurka, ran 23 ga Oktoba, 1989. Ana share wani bututu a ƙarƙashin tukunyar haɗa roba, kuma abin da ya raba ma'aikata da gas mai matsi bawul mai ƙwallo ne guda ɗaya tak, babu na biyu, babu faranti. Iska ce ke juya shi ta tiyo biyu, na buɗewa da na rufewa, bakunansu iri ɗaya. Bincike ya tarar an haɗa su a juye, har ya zama umurnin rufewa shi ke buɗe bawul. Gas ya kwararo cikin ɗan lokaci, ya yi bindiga. Mutum 23 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni.

Na uku ya nuna ɗaya fuskar al'amarin, watau bawul da aka bari a rufe inda ya kamata ya zama a buɗe. A tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island, jihar Fensilbaniya, ran 28 ga Maris, 1979, injinan ba da ruwa suka tsaya da asuba. Na ko-ta-kwana suka tashi, amma bawul biyu da ke gabansu suna rufe, sai bayan minti takwas aka farga. A lokacin nan kuma wani bawul mai sauke matsi ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunya yana ta fita. Fitilar da ke gaban ma'aikata tana nuna an aika masa umurnin rufewa ne kawai, su kuwa suka ɗauka ya rufe. Sai da aka yi fiye da sa'a biyu kafin wani ya rufe bawul mai datsewa da ke kan wannan hanya, yoyon ya tsaya. A wannan haɗari kusan rabin cikin tukunyar ya narke.

A duba da kyau: a wurare ukun nan akwai ƙwararrun ma'aikata, akwai kayan aiki masu tsada. Abin da ya rasa shi ne tabbatarwa. Gani ya kori ji.

7. ABIN DA YA SHAFI HAKIMI

Wani zai ce, ina ruwan hakimi da abin da ya faru a tsakiyar teku? Amsa ita ce, irin waɗannan ƙarafa suna nan a ƙasarmu. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, aka kuma shimfiɗa bututu daga can zuwa ma'ajiyar mai a Kano, da Gusau, da Jos, da Gombe, da Maiduguri. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. A kan irin wannan dogon bututu akan gina tashoshin bawul nan da can, a kewaye su da waya, yawancinsu a daji ko a gefen gonaki. Amfaninsu shi ne, in bututu ya fashe, a rufe na gaba da na baya, abin da zai zube ya tsaya ga abin da ke tsakaninsu. In an lalata tasha ɗaya, yankin da zai zube ya ƙaru ke nan. Abin da ya faru a Jesse, cikin Jihar Delta, a watan Oktoba na 1998, inda wutar bututun fetur ta hallaka ɗaruruwan mutanen da suka taru suna ɗiba, ya isa ishara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ana roƙon hakimai su kula da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, malamin ofis ya buɗe littafi ya rubuta kowace tashar bawul da kowane ramin bawul na ruwan famfo da ke gundumar, da sunan ƙauyen da ya fi kusa, da dagacin da ke da wurin, da lambar wayar masu bututun. A riƙa sabunta shi kowace shekara.

Na biyu, a gaya wa dagatai da masu unguwanni su yi shela: kada kowa ya taɓa kwaɗo, ko sarƙa, ko takardar da aka rataya a jikin bawul. Mai yiwuwa akwai mutum a cikin rami can nesa wanda ransa ke rataye da kwaɗon nan.

Na uku, kada a ba da filin gini, ko na kasuwa, ko wurin zubar da shara a kan hanyar bututu ko a bakin tasha. Bawul da aka binne a ƙarƙashin juji ko aka gina shago a kansa, ran bukata ba za a same shi ba. A kuma hana ƙona daji da haƙar rami kusa da shi.

Na huɗu, in aka ji ƙara kamar huci, ko warin mai, ko aka ga ciyawa ta bushe a wuri guda ba dalili, a janye mutane da dabbobi zuwa wajen da iska ke fitowa, a kashe kowace wuta, kada a ta da mota ko babur a kusa, a aika wa masu bututun da 'yan kwana-kwana nan take. A sani gas ɗin manyan bututu sau da yawa ba shi da wari, gama warin da ake ji a gas na girki zuba masa ake yi da gangan. Kada wani ya ce zai taimaka ya murɗa bawul da kansa. Rufe wanda bai kamata ba yana iya tara matsi a wani wuri ya jawo fashewa ta biyu.

Na biyar, in an kama masu sayar da tsofaffin ƙarafa da hannun bawul, ko murfin rami, ko noti irin na bututu, a kai rahoto ga hukuma, a bi sawun inda aka ciro su, don a mai da su tun ɓarna ba ta auku ba.

Ko a cikin gida darasin yana da amfani. Kan tukunyar gas ta girki bawul mai datsewa ne. A koya wa iyali su rufe shi in an gama girki, kada su tsaya ga maɓallin murhu kaɗai.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Mene ne bambancin bawul mai datsewa da mai daidaita gudu?
2. Yaya za a gane bawul mai ƙwallo a buɗe yake ko a rufe?
3. Don me ake sa kafar zubarwa tsakanin bawul biyu?
4. Ta wace hanya agogon matsi zai iya ruɗin mai lura da shi?
5. A cikin labarai ukun nan, wace ƙa'ida aka tsallake a kowannensu?
6. Tashoshin bawul nawa ne a gundumarku, kuma wane dagaci ke da kowacce?

Ana so malamai su rubuta amsar tambaya ta shida su karanta wa hakimi a zaman majalisa na gaba, a gaban dagatai, don kowa ya san abin da aka damƙa masa.